Baƙin Yashi a Kwanar Rafin Baure

Muna idar da sallar asuba muka kama hanyar Baure daga Daura, ni da wani abokin karatuna. Malaminmu na jami'a zai je bakin teku nazarin baƙin yashin nan da maganaɗisu ke kamawa, kuma mutum ɗaya zai ɗauka a cikinmu. Ya ce kowa ya kai masa yashin rafin yankinmu ya ga aikinsa. Ban taɓa ganin teku ba. Kwana uku na yi ina shiri.

Hanyar ba laifi, sai dai direban ba ya wuce mai ɗaga hannu, ko gaisuwa ce mutum yake yi. Abokina ya sha barcinsa, ni kuwa ina rungume da ledojin zuba yashi da na sa wa lamba tun a gida.

Mun tarar rafin ya ƙafe. Idan ban yi kuskure ba, wannan yashin ƙarfe ne haɗe da iskar da muke shaƙa. Ya samu ne a cikin duwatsu tun suna narke a ƙarƙashin ƙasa, da suka rududduge ruwa ya kwaso shi. Ya fi farin yashi nauyi, don haka ruwa kan tafi da farin ya bar shi, kamar yadda aka ce igiyar teku na yi. Duk na haddace wannan. Na bi tsakiyar rafi, taku goma na tona, taku goma na tona. Abin da na samu bai cika cokali ba.

Abokina, da maganaɗisun tsohuwar rediyo kawai ya zo, yana gindin gawo yana shan fura da wani dattijo maƙeri. Ina jin dattijon ya ce, "Ɗan boko, wancan ɗan'uwan naka gyaɗa yake shukawa?"

"A'a Baba, ƙarfe yake nema."

"A tsakiya? Taso mu je kwanar rafin, inda ruwa ke gajiya. Can kakana yake ɗibar nasa."

Sau ɗaya abokina ya cusa maganaɗisunsa a wurin, ya fito kamar bushiya. Na ce "Masha Allah", amma ban tabbata ta kai zuci ba. Shekara huɗu ni nake ba shi littafina ya kwafa. Ya raba yashin biyu ya miƙo mini rabi, ko a jikinsa, wannan ma ya ƙara ƙona mini rai.

Mun iso Daura bayan la'asar. Abin da na koya, in har na koya, shi ne ban iya zama in gaisa da mutane ba. Na daɗe riƙe da biro a kan ledar, domin dole a rubuta wanda ya gano wurin. Sunan abokina na rubuta. Malam bai kira kowa ba tukuna, amma ina jin na san wayar da za ta yi ƙara.