Tarkon da Madam ta koya a talabijin

Ko daga barci aka tashe ni zan faɗi ranar: Talata ce, a shekarar 2012, saura sati uku in tafi hutuna na farko. Ku da kuka zo Dubai kwanan nan kuna tambayata me ya sa ba na sakin jiki da masu gida ko suna mini dariya, to ga dalilin.

Lokacin ina aiki a gidan wata Baturiyar Ingila. Ita ce kafil ɗina, wato sunanta ne a kan bizata. In ta sabunta, na zauna. In ta yi kansal, wato ta soke ta, sai jirgi. Mu uku ne ma'aikata: direba, kuku, sai ni mai kula da mahaifinta, tsoho tukuf da hannunsa ke rawa. Baba nake ce masa. Na baro 'yata Hawa a Kumasi wajen Mma, mahaifiyata, ko tafiya ba ta fara ba, kuma Madam ta yi alkawari in na cika shekara biyu za ta sabunta mini biza in je in gan ta in dawo. Kullum da wannan nake kwana nake tashi.

Baba ba shi da aiki sai kallon tsofaffin wasannin leƙen asiri na talabijin ɗin ƙasarsu. Faifai ne cike da akwati, ni ke saka masa. Turancina na kasuwa ne, amma ido ba ya buƙatar makaranta. Na lura iri biyu ne. Akwai na 'yan gayu masu kwat da mota, yau suna wannan ƙasa gobe waccan, ko gumi ba sa yi. Akwai kuma na wasu gajiyayyun mutane a ofis mai duhu, sai shayi da fayil, kowa na kallon kowa ta gefen ido.

Wata rana na ce, "Baba, waɗannan na ofis ɗin, wa ya mutu musu ne?"

Ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ƙasa ce ta mutu musu, Ruki. Mun ci yaƙin duniya muka dawo gida da talauci. Ƙasashen da muke mulka suka fara zarewa ɗaya bayan ɗaya, har da taku Ghana. Ga Rasha da bam, muna kwana ba mu san ko za mu tashi ba. To sai talabijin ta ba mu ɗan gayu da ke zaga duniya yana gyara ta, mu ji kamar har yanzu mu ne."

Na ce, "Su na ofis ɗin fa?"

"Su sun zo ne bayan mun gane masu sayar da mu ga Rasha 'ya'yan manya ne, waɗanda suka yi makarantu masu tsada. Daga nan ba wanda ya ƙara yarda da wani. Ki duba da kyau, in abu ya ɓaci, ɗan talakan da aka aika shi ake jefarwa."

Na duba kuwa. Na kuma ga abin da shi bai gani ba: matar da ke kawo musu shayi tana goge ƙasa, ba a taɓa ba ta magana ko ɗaya ba.

A watannin nan Madam na shari'a da tsohon mijinta a kan wa zai riƙe 'ya'yansu mata biyu. Duk abin da aka faɗa a gidan, kafin sati lauyan mijin ya sani. Baba ne ya ba ta shawara daga cikin wasanninsa: ki faɗa wa kowane ma'aikaci ƙarya daban, wadda ta fita waje ita za ta nuna bakin. Wannan sai daga baya na sani. Ya ba ta dabarar, amma ba ta gaya masa ƙaryar da ta zaɓa wa kowa ba.

Ranar Laraba ta kira ni ɗakinta ta rufe ƙofa. Ta ce, "Ruki, wata mai zuwa zan kai Baba gidan tsofaffi a Ingila. Kar ki faɗa wa kowa."

Gidan tsofaffi, da 'yarsa a raye! Ranar Juma'a da na fita hutu na je kasuwar Murshid Bazaar na saya masa safa mai kauri da ɗan turare, tunda an ce can sanyi. Asabar da safe, bayan na yi masa aski, na durƙusa na ce, "Baba, shekara biyu ina wanke ka ina ba ka abinci. In na taɓa ɓata maka, ka yafe mini. Allah ya kai ka lafiya."

Ku kun san a Zongo, unguwarmu ta can gida, ba a rabuwa da tsoho ba a nemi yafiya ba, don ba ka san ko za a sake gamuwa ba. Ni a kaina "kowa" na nufin mutanen waje. Mai tafiyar da kansa ya zama kowa?

Ya ce, "Ina zan je?" Na faɗa masa. Sai ya ce in kashe talabijin. Da la'asar ya miƙo mini waya in danna masa lambar abokinsa da suke hirar ƙwallo duk Asabar, kamar yadda na saba, ya ce in ja ƙofa.

Talata takardar lauya ta iso: macen da za ta jefar da mahaifinta ba ta dace ta riƙe yara ba. Madam ta tara mu a falo, Baba na kan kujerarsa. Ta nuna ni da takardar.

"Ashe ke ce. Ke kaɗai na faɗa wa wannan."

Na ce, "Madam, wallahi Baba kaɗai na yi wa sallama. Ban ma san fuskar lauyan nan ba."

"To ta iska ta je?"

Nan kaina ya haɗa abin. Na ce, "Ki duba wayar Baba. Wa yake kira duk Asabar?"

Ta ɗauka ta duba. Na ga fuskarta ta yi ja har wuya. Lambar tsohon mijinta ce, sati bayan sati. Ta kalli mahaifinta ta ce, "Dadi?"

Na juya ina kallon Baba, na tabbata zai yi magana. Mutumin da nake yanka wa farce, nake sa wa cokali a baki. Ya kalli talabijin ɗin da ke a kashe ya ce, "Yarinyar ce ke danna lambobin. Ni hannuna ba ya iyawa."

Na ce, "Baba, ka ji tsoron Allah! Ni na san lambar wa ce? Bakina ne ke magana ko naka?" Kuku ta riƙe mini hannu, direba ya sunkuyar da kai.

Madam ta gane gaskiya, na gani a idonta. Amma ba za ta iya yi wa ubanta kansal ba. Ta ce, "Na ce kar ki faɗa wa kowa, kin faɗa. Shi ke nan, na yi miki kansal."

Ga yadda tsarin yake, don ku sani: in aka yi maka kansal, kana da 'yan kwanaki ka bar ƙasar ko ka samu sabon kafil. In na koma Kumasi, zan rungumi Hawa amma ba abin da zan ciyar da ita. Wata Hajiya 'yar Nima ta Accra da ke zaune a unguwar Abu Hail ta ba ni katifa, ta haɗa ni da wannan kamfanin shara na unguwar Karama. Jirgin da na hau bai kai ni Accra ba. Tsibirin Kish da ke kusa da nan ya kai ni, na jira sabuwar biza na dawo, aka fara ƙirga mini shekara biyu daga farko.

Da na je gida, Hawa ta kusa shekara biyar. Ta ɓuya a bayan zanin Mma tana leƙena, ta ce, "Mma, wace ce wannan antin?"

Abin da aikin nan ya koya mini shi ne, in tsoro ya shiga gidan masu gida, ba sa duba junansu, ƙasa suke dubawa, kuma mu ne a ƙasa. Ki yi musu aiki da gaskiya, ki tausaya wa tsohonsu, wannan tsakaninki da Allah ne. Amma ranar da Madam ta kira ki ɗaki ta rufe ƙofa ta ce za ta faɗa miki sirri, ki ce mata kin bar ruwa a kan wuta, ki fita da sauri.