Malama Wahida, Wadda Ta Koya Mini Dariya Mai Ladabi

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayun 2024, ina dawowa daga makaranta na tarar da Mama zaune a falo ba ta ko cire takalmin aiki ba. Ta ce Allah ya yi wa Malama Wahida rasuwa.

Malama, ke ce kike tara mu 'yan mata duk Asabar a gidanki na Bowie, nan Amurka, kina taya mu aikin makaranta, kina cika mana ciki da wake da shinkafa irin na Kumasi. Ni ce mai zama a lungu, ba na ɗaga hannu ko na san amsa.

A bana aka ba mu aiki kan marubutan Turai na zamanin farfaɗowar ilimi, masu kwaikwayon salon manya don a yi dariya. Na kasa gane abin. Sai kika miƙe da ludayi a hannu, kika zama jarumin da zai ceto gari, alhali dokinsa ko tsayuwa ba ya iyawa. Muka yi ta dariya. Kika ce waɗancan marubuta sun haddace abin da suke tsokana, kuma yawancinsu suna ƙaunarsa. Wanda ya raina abu ba ya iya kwaikwayonsa da kyau.

Da aka ce kowa ya rubuta nasa, na ɗauko jawabin godiya na Alhaji Baharudeen, dattijon da ke buɗe mana walimar Sallah. Yakan ce zai taƙaita, sannan ya gode wa kowa da sunansa da na mahaifinsa da garinsu, har tuwo ya huce. A nawa, har mai share dusar ƙanƙara da tukunyar miya sun samu godiya.

Baba ya ji ina karantawa, ya ce 'yarsa ba za ta mai da dattijo abin wasa ba, kuma ba zan ƙara zuwa Bowie ba. Kika tuƙo mota har gidanmu na Lanham.

"Malam Hamani," kika ce, "idan a bayan idonsa ta yi, gulma ce. Ka bari ta karanta a gabansa ranar Sallah. In ya ɓata rai, ni zan durƙusa."

"Hajiya, kin san Alhaji kuwa?"

"Shekara ashirin nake cin tuwo mai sanyi saboda shi."

Baba ya yi murmushi, amma bai ce ya yarda ba.

Ranar sadakar uku Alhaji ya tashi zai yi magana a kanki. Ya ce zai taƙaita. Karon farko a rayuwarsa ya taƙaita, domin kuka ya ci ƙarfinsa. Da muka zo tafiya ya kira ni, Baba na tsaye.

"Ke ce Rakia? Marigayiya ta ce kin fi ni iya jawabina. Ranar Sallah ke za ki fara, in ji ko kin manta wani."

Baba ya ce, "Kin ji abin da Alhaji ya ce."

Malama, zan karanta, a tsaye, da murya mai ƙarfi. Na ƙara suna ɗaya a ƙarshe, kuma a wurin ba wasa nake ba.

Allah ya jiƙanki, ya haskaka kabarinki, ya sa Aljanna Firdausi ce makomarki. Ina miƙa ta'aziyyata ga maigidanki Malam Abdul-Kabir, da 'ya'yanki Samiha da Ikrama, da dangi na Kumasi. Allah ya ba mu haƙurin rashinki, amin.

Rakia Hamani, Lanham