Ranar da Hure ta tare wa surukarta ƙofa

Yayata Hure ba ta da faɗa, wannan duk Toranke an sani. Ni ce mai bakin gidanmu. Ita kuwa ko akuya ce ta cinye mata shanya sai ta ce ƙila yunwa take ji. Shekara talatin tana wankan jarirai a unguwarmu, ban taɓa jin ta ɗaga wa wani murya ba. Haihuwarta shida, biyar ta binne tun suna cikin zanen goyo, Kadijatu kaɗai Allah ya bar mata. Uku daga cikinsu da mura suka fara, irin wadda ake cewa ba komai ba ce, kafin kwana huɗu ta sauka a ƙirji.

Da Kadijatu ta samu cikin fari a gidan mijinta Yahya a Kademi, sai ta dawo gida goyon ciki kamar yadda aka saba. Cikin bai kai ba, a wata takwas ta haihu. Namiji ne, amma ɗan mitsitsi, kukansa ma sai ka kasa kunne. Ranar da za a sallame mu malamar asibiti ta zaunar da mu. Ta ce mura daga mutum take zuwa kan mutum, ta tari da atishawa da hannun da aka goge hanci da shi, kuma wadda babba zai yi ya warke a sati ɗaya tana iya tafiya da yaro irin wannan. Mai mura kada ya ɗauke shi. Mai lafiya ma ya wanke hannu da sabulu. In numfashinsa ya yi sauri ko ya ƙi kama nono, a dawo da shi ba jira.

Tsakiyar damina ce, mura ta game gari, ko'ina ka wuce sai fyace hanci. Hure ta ajiye buta da sabulu a ƙofar ɗakin mai jego. Masu zuwa barka suka fara gunaguni, wai yaushe aka fara alwala don ɗaukar jariri. Waɗannan ni na ji da su, ban rage wa kowa ba.

Saura kwana biyu suna, Hure ta tashi maƙogwaronta na ƙaiƙayi. Ba ta yi shawara da kowa ba ta kwashe tabarmarta ta koma rumfa, ta ɗaure hanci da baki da ɗankwali, ta bar min wankan jikan da ta yi shekaru tana roƙon Allah ya nuna mata. Tana can tana shan citta da lemun tsami, tana surace, in yaron ya yi kuka sai ta miƙe tsaye ta koma ta zauna. Raina ya yi ta ɓaci, don tausayinta nake ji kuma ba abin da zan iya.

Ranar suna aka raɗa masa Mus'ab. Da hantsi motar dangin miji ta iso, Hajiya Larai uwar Yahya ce a gaba. Tun daga zaure na ji tarinta. Idonta ja, muryarta a dishe, tana share hanci da gefen mayafi.

“Ina angon nawa? A miƙo min shi in ga ko ya kai in aura.”

Mata suka yi dariya suna buɗa mata hanya. Ni da nake taƙama da baki, ran nan bakin ya mutu. Kakar yaro ce ta wajen uba, wa ya isa? Hure kuma ko abinci ba ta taɓa ci a gabanta ba saboda kunyar surukuta.

Sai ga Hure ta taso daga rumfa ta tsaya a ƙofar ɗakin, ta dafa bango da hannu biyu.

“Hajiya, ki yi haƙuri. Mura gare ki, yau ba za ki ɗauke shi ba.”

Hajiya Larai ta dube ta sama da ƙasa.

“Baiwar Allah, jikana ne fa. Daga Kademi na taso da ciwon a jikina saboda shi.”

“Na sani, Allah ya saka da alheri. Ki leƙa daga nan ki gan shi. In kin warke ni zan kawo miki shi har gida.”

“Ki matsa.”

“Ni ma yau kwana biyu ban taɓa shi ba, Hajiya. Ba zan matsa ba.”

A ciki Kadijatu ta rungume yaron tana kuka ƙasa-ƙasa. Hajiya Larai ta ɗaga ƙafa ɗaya kamar za ta ture ta, Hure ba ta motsa ba. Sun daɗe a haka. Daga baya Hajiya ta juya ta ce wa mutanenta su tashi. Ko ruwan gidan ba su sha ba, tuwon suna ya kwana a tukunya.

Murar ta kwantar da Hajiya Larai kusan sati biyu, har da ƙarin ruwa. Mus'ab ko atishawa bai yi ba har aka yi arba'in. Na ɗauka wannan zai sanyaya mata rai, ashe ban san ta ba. Yau shekara uku ke nan ba ta amsa gaisuwar Hure. A biki ko a gidan rasuwa, in Hure ta durƙusa sai ta kau da kai, kuma har yanzu akwai masu cewa yayata ba ta da kunya.

Rannan abin ya ishe ni, na ce zan je Kademi in amayar mata da abin da ke cikina. Hure tana tsince wake, ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Ƙyale ta, Hanatu. Ta yi ta fushinta. Ai tana da jikan da za ta yi fushi a kansa.”