Murhun da Ba a Kashe wa Porzia Ba

Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, na fito sayen burodi sai na tarar ana liƙa takardar rasuwa a bangon kusurwar layinmu, nan garinmu Molfetta. Na tsaya in ga wa muka rasa, kamar yadda kowane tsoho yake yi. Sunanki na gani: Porzia Cellamare, shekara saba'in da huɗu. An ce da sassafe kin sauko kicin kin jiƙa wake, kika ce wa mijinki Pantaleo ƙirjinki ya yi nauyi, kika zauna a kujera. Daga nan ba ki sake tashi ba.

Shekara arba'in da ɗaya kina girki a ɗan gidan abincinku mai tebur tara. Pantaleo yana gaba yana karɓar yabo, ke kina baya cikin tururi kina murza taliya da babban yatsa. Ba ki taɓa tambayar kowa me yake so ba. Abin da kika dafa shi za a ci. Na tuna ranar da na nemi cuku in barbaɗa a kan taliyar kifi. Kika fito da ludayi a hannu kika ce, "Nofrio, in ɓata abinci kake so, ka hau jirgi ka tafi Milano." Duk wurin aka kwashe da dariya, ni kuwa na ci taliyata shiru.

Amma ba don taliya nake wannan rubutu ba. Mu a nan, gidan da aka yi rasuwa ba ya kunna wuta kwana uku. Maƙwabta ne ke kawo abinci, abin da muke kira consolo, su kuma koma da kwanukansu ba a wanke ba, don kada mai makoki ya taɓa aiki. A layinmu wannan nauyi ke kika ɗauka. Babu benen da ba ki hau ba da tukunyar romon kaza naɗe cikin mayafin tebur. Da matata Lucrezia ta rasu, na zauna ina kallon bango, ba na jin komai. Kika ajiye kwano a gabana kika ce, "Ka ci, Nofrio. Ba roƙonka nake ba." Kika tsaya a kaina har na shanye. Tun daga lokacin teburin kusa da ƙofa ya zama nawa, kowace rana tsawon shekara tara.

Yanzu bari in gaya miki yadda muka saka miki, don ke ba mai son a rufa miki magana ba ce.

Ɗanki Corrado bai kashe wutar ba. Ranar Laraba da safe muka kai ki makwancinki, da rana ya ɗaga ƙofar ƙarfen gidan abincin ya shimfiɗa mayafai a kan tebura. Na tare shi a bakin ƙofa.

"Kawu Nofrio, kada ka kalle ni haka," in ji shi. "Mutum talatin ne 'yan yawon buɗe ido, tun Janairu suka kama wuri. Mama ma da tana nan, dafawa za ta yi."

Na ce, "Da kai ne ka mutu, da hannunta za ta kashe wutar nan."

Ya shige abinsa. Waken da kika jiƙa da hannunki, na ƙarshe a duniya, baƙi ne suka cinye shi, suna ɗaukar kwano hoto. Ko sunanki ba su sani ba.

Da laifin na Corrado ne shi kaɗai, da raina bai ɓaci haka ba. Matan layi, waɗanda kika ciyar da su ranar mutuwar iyayensu da mazajensu, ko ɗaya ba ta ɗora miki tukunya ba. Wannan ta ce kunya take ji, da wane ido za ta kai girkinta gidan Porzia? Waccan ta ce ai gidan abinci ne, me za su rasa? Kowa ya samu dalilinsa mai kyau ya zauna a kai.

Ni ma ba zan wanke kaina ba. Ranar Alhamis ƙafafuna suka kai ni teburina kamar kullum. Na zauna, aka kawo, na fara ci. Sai ga surukarki Annarita, matar Corrado, ta sauko daga bene da kwano a cike. Ta ce, "Baba ya ƙi ci tun Talata. Ya ce ba zai sa komai a baki daga wutar gidan nan ba, zai jira na maƙwabta." Wato kwana uku Pantaleo yana zaune a sama yana sauraron takun da zai hawo masa da abinci, ni kuwa ina ƙasa ina goge kwano da burodi. A rayuwata ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Shekara arba'in na yi ina gyaran injin jiragen kamun kifi, ko ƙwai ban iya soyawa ba. Na sayi kaza, na ɗauko tukunyar Lucrezia, na yi abin da na iya. Na naɗe ta da mayafin tebur na biyo layi. Nunziata mai sayar da ganye ta leƙo ta taga ta ce, "Nofrio, ƙarasa bawan Allah za ka yi?" Na ce, "Ke da kika iya, ina taki?" Ta ja labule.

Na samu Pantaleo a kujerarki, bai cire baƙin kwat ɗin jana'iza ba. Ya dubi tukunyar, sannan ya leƙa bayana.

"Sauran fa?"

Na kwance mayafin. Na zuba masa. Ya kurɓa cokali ɗaya, ya daɗe bai haɗiye ba.

"Gishiri ya yi yawa, kazar ma ba ta nuna ba," in ji shi. "Da ta gani, da ka sha ludayi."

Ya shanye tas, hawaye na zuba cikin kwanon, ƙarar cokulan baƙi tana hawowa ta ƙarƙashin ƙafafunmu. Da ya yunƙura zai kai kwanon wurin wanki, na karɓe na tafi da shi gida haka nan, yadda kika koya mana. Wannan shi ne consolo ɗin da layinmu ya iya yi miki, Porzia: tukunya ɗaya, daga hannun bakanike.

Allah ya jiƙanki da rahama, ya haskaka makwancinki, ya ciyar da ke fiye da yadda kika ciyar da mu. Pantaleo, Allah ya ba ka juriyar zaman gidan nan. Annarita da jikoki, Allah ya ba ku haƙuri. Corrado, kai ma ina yi maka gaisuwa, domin uwa ka rasa, kuma ranar da za ka gane haka tana nan tafe. Mu kuma 'yan layi, Allah ya yafe mana. Duk mun tsufa, bangon kusurwa yana jiran sunayenmu, kuma mai hawo mana bene da tukunya mun binne ta ranar Laraba.