Zanena a Cikin Jarida

Lokacin marka ne, shekarar da sauro ya yi yawa har kusan kowane gida a ƙauyenmu na ƙasar Roni akwai mai kwance. A gidanmu autata ce, zazzaɓi ya ƙi sakinta. Gwaggon maigida ta ba ni saiwa, ta ce da ruwan tafkin bayan dutse ake jiƙa ta, a ɗebo da sassafe, kuma daga fita har dawowa kada in yi wa kowa magana, ko sallama kada in amsa. In na yi, magani ya karye.

Wata safiya ina fitowa daga ruwa da tulu, lulluɓe da tsohon zanena mai ganye-ganye, wani baƙo ya tsayar da babur ya gaishe ni. Ban tanka ba. Ya sake, na sunkuyar da kai na wuce. Da gefen ido na ga ya ɗaga waya.

Bayan kwanaki maigida ya dawo daga Kazaure da wata jaridar Hausa mai jan rubutu, ya ce rububinta ake yi a tasha. Shi ba ya karatun boko, ni ce na yi ajin yaƙi da jahilci, sai matan maƙwabta suka taru in karanta musu. Ina bin baƙaƙen da yatsa, a hankali. Wai wata mata da ta nutse shekarun baya ta dawo, tana fitowa daga tafkinmu, ba ta magana, ƙafarta ba ta taɓa ƙasa, ita ke shan jinin yaran ƙauye. Ga hoto dishi-dishi, bayan mace da tulu. Na gane zanena.

Na san ni ce, amma sai da tsigar jikina ta tashi. Wata ta ce ta sha jin kukan matar, wata ta ce kakarta ta san ranar da ta nutse. Maƙwabciyata ta leƙa ɗakin da autata take kwance.

"Allah sarki, yaya, ashe ita ce ta kama miki yarinya."

Na naɗe jaridar. A irin wannan zaman, in ka ce kai ne a hoton, maita za a ji.

Kafin la'asar labari ya zo cewa samari za su laɓe bayan dutse da gorori. Gwaggo kuwa ta aiko, saura ɗiba ɗaya magani ya cika, kada in kuskura in fasa.

Washegari na ɗaura zanen nan, na bar tulu a gindin randa, na goya autata. Na bi ta bayan dutse fuskata a buɗe, ina gaida samarin da ƙarfi, ina tambayar kowa lafiyar mahaifiyarsa. Suna kallon zanen, suna kallon ƙafata. Ban dubi tafkin ba har na kai bakin titi, na tare babur zuwa asibiti.