Dokin da Ya Kife Ranar Ɗaurin Auren Ƙanena

A lokacin da abin ya faru ni injiniya ne a Manchester, da mata da 'ya'ya biyu, kuma ina ji da kaina cewa babu abin da lissafi ba zai warware ba. Wani Bature abokin aikina ne ya nuna mini tseren dawakin nan da ake tsallake shingaye a lokacin sanyi. Ya ce yawancin masu zuba kuɗi sunan doki suke bi, amma mai hankali agogo yake bi. Ai kuwa ya sosa mini inda ke yi mini ƙaiƙayi. Na duƙufa kallon tsofaffin tsere a waya, ina auna lokacin da doki ke ɗauka daga wannan shinge zuwa wancan, ina duba ko filin busasshe ne ko taɓo, da nauyin da aka ɗora masa, da ko yana da sauran ƙarfi a ƙarshe. Da matata ta ce wannan fa caca ce, sai na cika ta da bayani, wai ni bincike nake yi, masu canki-canka su ne 'yan caca. Ta ce to Allah ya ba Farfesa sa'a, ta ci gaba da tuƙa tuwonta.

Mahaifinmu ya rasu ƙanena yana firamare, ni na riƙe shi har ya gama jami'a a Birmingham. Can ya samu 'yar wani likita, dattijo mai tsantseni, wanda sai da ya binciki gidanmu ciki da bai kafin ya amince. Ƙanena ya ce babu mai karɓar masa aure sai ni. Aka sa Asabar bayan Azahar a wani masallaci a unguwar Sparkhill ta Birmingham, daidai lokacin da dokin da na daɗe ina aunawa zai fita. Lissafina ya ce a ƙasa mai laushi babu mai kamo shi, tun a jirgin ƙasa daga Manchester na zuba masa kuɗi.

Kunyar faɗa nake ji, amma na maƙala ɗan abin sauraro a kunne, na naɗe wuyana da mayafi da sunan sanyi. Ga ni gaban liman cikin babbar riga, ga tiren goro da dabino, kunne ɗaya na jin huɗuba ɗaya na jin mai sharhi. Dokina na gaba, zuciyata fes. Waliyyin amarya ya ce ya bayar, masallaci ya yi tsit ana jiran in ce na karɓa, sai dokin nan ya yi tuntuɓe a shingen ƙarshe ya kife. Na zabura da salati, abin kunnen ya fice ya gangara cikin goro. Garin lalubar waya in kashe, na danno inda ba shi ba, sai ga muryar Baturen da ke sharhi tana ihu a masallaci. Wani direban tasi a sahun baya ya ce ai tseren dawaki ne, har da faɗin sunan filin, Allah ya shirye mu ni da shi.

Likita ya dube ni a natse ya tambaya ko akwai kuɗi a kai. Ban iya ƙarya a ɗakin Allah ba. Ya miƙe ya ce ba zai miƙa 'yarsa a hannun ɗan caca ba. Na ga idon ƙanena ya kawo ruwa, wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Da ƙyar liman da dattawa suka shawo kansa, bisa sharaɗin a sake wakili. Wani dattijo da sai da ya tambayi sunan ango ne ya karɓi auren, ni kuwa ina can wajen takalma.

Alhamdulillahi aure ya yi albarka, yanzu ni da likita muna gaisawa har da raha, in na je gidan yakan tambaye ni ya dawakina. Tun ranar ban sake zuba ko sisi ba. Na gane agogo zai gaya maka saurin doki, amma bai san ranar da zai yi tuntuɓe ba, kuma caca ko an sa mata rigar ilimi sunanta caca. 'Yan uwana masu boko, ku yi hattara, mu ne muka fi saurin yaudarar kanmu. Kuɗi ana sake nema. Amma sau ɗaya yaron da na raina ya zauna a bayana yana jiran in buɗe baki a madadin mahaifinmu, kuma bakin wani ne ya faɗa.