Tsanwar Motar Baba

Baba ya yi shekaru yana jigilar albasa daga Madawa zuwa kasuwannin Buza da Keita da wata tsohuwar bashe, motar nan mai buɗaɗɗen baya. Da idonsa ya mutu, ita ma ta kwanta a ƙofar gida, kaji suka samu wurin saka ƙwai. Ni da ƙanena muka sa aka tashe ta, don ba shi da magana sai ta son ya ƙara shiga motarsa yadda ya san ta kafin ya bar duniya.

Jikin bai ba mu wahala ba, fari ne tun asali. Rigimar tana kan ƙarafan ado: farashok, wato ƙarfen kare karo, na gaba da na baya, zoben fitilu, da siririn ƙarfen da ya bi gefenta. Tsatsa ta cinye launinsu. Mai fenti ya ce baƙi mai sheƙi ake yayi yanzu. Ƙanena ya raɗa mini cewa a shafa baƙin kawai, tunda tsoho ba gani yake ba. Ya manta kunnen Baba garau yake.

"Na jiya ka, ɗan nema," in ji Baba. "Tsanwa ta, irin ta ganyen albasa, kuma ban son mai walƙiya. Da rana kashe ma direba ido takai."

Mai fenti ya dama tsanwa iri uku a kan kwali. Baba ya shinshina kowace kamar mai sayen turare, sannan ya ajiye kwalin. Tausayinsa ya kama ni, don mutum ne da bai saba neman taimako ba. Can ya ce a kira Inna.

Inna ta duba, ta taɓe baki, ta ce babu ko ɗaya. Ta sa muka fito da akwatinta na ƙarfe. Bayansa duk ya koɗe, amma cikin murfin fentin yana nan kamar jiya aka shafa.

"Gwangwani guda Malam ya saye tun can da," ta ce. "Da ya ƙare da mota, ya shahe min akwati da saura, wai kyauta ya yi min. Yau rowar ubanku ta yi rana."

Da murfin aka gwada har launi ya zo daidai. Ranar da fenti ya bushe, Baba ya bi siririn ƙarfen da tafin hannu tun daga fitila har baya.

"Shi na?" ya tambayi Inna.

"Shi na, Malam."

Duk zamansu Inna ba ta taɓa shiga gaban motar nan ba. Gaba na dillalan albasa ne, ita kan buhuna take zama. Ƙanena ya tada mota, Inna ta nufi baya yadda ta saba. Baba ya laluba ya riƙo bakin mayafinta.

"Zo gaba, wajen ƙohwa," ya ce. "Ke za ki riƙa gaya min wanda ya tsaya kallonta."